Ganyen Bado da Sarkin da Aka Hana Kwanciya

To, kowa ya gama suɗe hannunsa? Ku matso bakin tabarma. Ga ta nan tana tafe, ga ta nan gare ku.

"Ta ƙaraso mu ji ta, Goggo!"

Wani gari ne a tsakiyar ruwa, ana ce masa Tungar Kurungu. Ruwa gabas, ruwa yamma, ruwa kudu, ruwa arewa. Mutanen garin suna da kifi, suna da shinkafa, suna da lafiya. Abu guda suka rasa. Ba su iya cewa "mun yi kuskure" ba.

Tun zamanin kakan kakanninsu, sarkinsu na farko ya ci tuwon shinkafa da tsakar rana, ya ƙoshi, ya miƙe a fada, barci ya kwashe shi. Fadawa suka shigo suka tarar da shi shame-shame. Suka ce, "Ranka ya daɗe." Shiru. Suka ce, "Allah ya ja zamaninka." Shiru. Sai suka ɗora hannu a ka, suka ce sarki ya rasu. Aka yi kuka, aka haƙa kabari, aka sa shi, aka mayar da ƙasa, aka daka gumbar sadaka. Ana cikin lasar gumba, sai aka ji atishawa daga ƙarƙashin ƙasa.

Waziri ya dubi Galadima. Galadima ya dubi sama. Wa zai ce a tone, bayan an riga an sha gumba? Kunya ta hana su. Sai Waziri ya gyara murya ya ce, "Ai dama al'adarmu ke nan. Duk sarkin da aka gani a kwance, ya mutu." Kowa ya ce haka ne, haka ne, tun fil azal haka muka taso muka tarar.

Daga ranar, sarkin Tungar Kurungu ba ya kwanciya. Da rana ya zauna a karaga. In barci ya zo, a jingina shi da wani ginshiƙi a tsakar fada, a ɗaure shi tamau da igiya, ya yi barcinsa a tsaye kamar doki. Har sarauta aka naɗa don wannan aiki, ana ce wa mai ita Sarkin Igiya.

Kai Ɗanliti, rufe bakinka kada sauro ya shiga. Ai ba ka ji komai ba tukuna.

A kwana a tashi, sarauta ta faɗo kan wani mutum mai suna Barmo. Uwarsa wata tsohuwa ce, Inna Marka. Duk 'ya'yan da ta haifa kafin shi sun koma tun suna jarirai, shi kaɗai Allah ya bar mata. Ranar da aka naɗa shi, gari yana guɗa, ita tana bayan ɗaki tana share hawaye. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ƙafafun Sarki Barmo suka kumbura suka zama kamar turame. Idanunsa suka yi jawur. In an kawo masa ƙara, sai ya yi hamma, mai ƙara ya yi hamma, wanda aka yi ƙara ya yi hamma, a tashi ba a yanke komai ba. Abin yana ci wa Inna Marka rai, amma ba ta da ta cewa.

To, akwai ɗan baffan sarki, Ciroma Jatau, wanda ba ya son komai a duniya sai rawanin nan. Aikinsa ke nan bin sarki da ido. Ya zuba yauƙin kuɓewa a ƙofar fada, sarki ya zame, dogarai suka tare. Ya sa ɓera ya ci igiyar ginshiƙi, Sarkin Igiya ya kawo sabuwa. Ya kawo mai sarewa ya yi ta busa mai sanyi, mai sarewar ne ya ɓingire, sarki yana tsaye. Ciroma ya ciji yatsa ya ce, "Komai daren daɗewa, sai na gan shi a kwance."

Ana nan, ana nan, sai wata damina ta zo da fushi. Ruwa ya sauka, ya sauka, ya sauka. Kogi ya cinye gonaki, ya cinye kasuwa, ya zo ƙofar gidaje yana sallama. Aka ce a ɗauko kwale-kwale a haye zuwa tudu. Aka je aka tarar babu ko ɗaya. Ashe Dorina ce ta zo ta are su duka za ta kai kayan ɗakin 'yarta, kuma kun san aron Dorina, sai dai a yi mata fatan alheri.

Inna Marka tana da wata ƙawa, Kififfiya, kunkurun nan na ruwa. Kullum in ta je wankin tukunya, sai ta kankare ƙanzo ta ba ta. Ranar nan ta je bakin ruwa ba tukunya ba ƙanzo, ta zauna ta yi tagumi.

Kififfiya ta leƙo ta ce, "Inna, yau ina rabona?"

Ta ce, "Ke ta ƙanzo kike yi. Mu ruwa zai cinye mu."

Kififfiya ta ce, "Biyo ni."

Ta bi ta bayan gari. Sai ga bado ya rufe ruwa, amma ba irin badon da kuka sani a tafkinmu ba. Kowane ganye ya fi tabarmar nan da kuke kai faɗi, kewayayye, shimfiɗe sumul, gefensa ya tashi sama ya kewaye shi kamar bakin faifai, tsayin kamu guda.

Inna Marka ta ce, "Sannu, Bado."

Ganyen ya ce, "Yauwa, sannu Inna."

Ta ce, "Za ka iya ɗaukar mutum? Na ga fatarka ba ta fi ta albasa kauri ba."

Bado ya ce, "Ku mutane sama kawai kuke kallo. Tsoma kanki ki dubi ƙasana."

Tsohuwa ta cire kallabi, ta toshe hanci, ta tsoma kai cikin ruwa. Me za ta gani? Jijiyoyi manya-manya sun tashi daga cibiyar ganyen sun bazu ko'ina, irin yadda ake ɗaura karan jinka. Kowace jijiya ta rabu biyu, biyun suka sake rabuwa. Tsakaninsu wasu ƙanana sun gitta, sun yanka wurin ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da iskarsa a kulle. Ko'ina kuma ƙaya ce zaƙo-zaƙo.

Ta ɗago tana tari ta ce, "Ƙayar fa?"

Ya ce, "Ta kifaye ce masu kwaɗayi."

Ta ce, "Wannan 'yar kafa da ke bakinka fa?"

Ya ce, "Indararona ne, in an yi ruwan sama ta nan yake fita. Inna, saurara. Ɗakunan nan kowanne kaɗan yake iya ɗauka. In kika raba musu nauyinki, su ɗauke ki gaba ɗaya. In kika ɗora wa ɗaki guda, ya fashe." Sai ya kama waƙa:

Kwanta in kai ka,
Tsaya in ka da ka,
Ƙasana ƙaya, samana faifai,
Wanda ya baje shi ya haye.

Inna Marka ta rarrafa ta hau, ta kwanta rigingine, ta baje hannu ta baje ƙafa. Ganye ko gezau. Kififfiya ta gutsure tsirkiyar da ta riƙe ganyen daga ƙasan ruwa, ta ja ta da baki, ta zaga da tsohuwa ta dawo da ita. Ta ce, "Dangina suna da yawa. Mu ja ku duka, in dai akwai ƙanzo."

Inna Marka ta koma gari da gudu tana murna. Ta faɗa a fada. Mutane suka yi ta sowa. Sai Ciroma Jatau ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Inna. To, sarki ya fara kwanciya mana, mu biyo baya."

Murnar tsohuwa ta koma ciki. In ɗanta ya kwanta a binne shi, in ya tsaya ya nutse, in ya zauna a gari ruwa ya ci shi.

Waziri ya ce, "Ganye ne fa. Ganye ba ya yi wa sarki gardama. Ranka ya daɗe, hau a tsaye."

Lokacin ruwa yana idon sawu. Aka ɗunguma bayan gari, wurin Bado. Aka buga tambari. Sarki Barmo ya ɗaga ƙafa da ƙyar, da sandarsa da takalmansa, ya taka ganye. Ɓurum! Sai rawani kawai yana yawo a kan ruwa. Dogarai suka yi maza suka tsamo shi ta wuyan riga, Sarkin Igiya yana ihu, "A tsaye! Ku tsamo shi a tsaye!" Ciroma ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, bai ga kwanciya ba. Bado kuwa ya ce:

Kwanta in kai ka,
Tsaya in ka da ka.

Galadima ya ce, "Laifin siranta ne. A jibga ganye kan ganye."

Lokacin ruwa yana gwiwa. Aka janyo ganye aka ɗora kan ganye, aka ɗora wani kan wannan, ƙaya tana tsaga wa dogarai hannu suna cije baki. Ƙayar na sama ta yayyage na ƙasa, iskar ɗakunan ta tsere fuuu. Aka buga tambari. Sarki ya taka. Ɓurum! Aka tsamo shi a tsaye, da ɗan tarwaɗa a aljihu. Bado ya ce:

Kwanta in kai ka,
Tsaya in ka da ka.

Sarkin Igiya ya ce, "Ku dakata. Ai al'ada ba ta hana zama ba. A ɗora karaga."

Lokacin ruwa yana ƙugu. Aka ɗauko karaga mai ƙafa huɗu aka aza a tsakiyar ganye, aka ɗaga sarki aka aza a kan karaga. Ba a ma kai ga buga tambari ba. Huda huɗu lokaci guda. Ɓurum! Aka tsamo sarki. Karaga kuwa har yau wani kada ne yake zaman fada a kanta.

Sarki Barmo ya tsaya yana rawar sanyi, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, ku tafi. Ku ɗaure ni a ginshiƙina ku tafi. Na gaji."

Maganar ta soki tsohuwa har cikin ƙashi. Ta koma bakin ganye ta tsuguna, ta ƙura wa gefen nan nasa ido. Ta kwanta a kai. Ta juya kai dama, ba ta ga komai ba sai koren bango. Ta juya hagu, koren bango. Ta dubi sama, gajimare. Sai ta tashi ta dawo, tana gyara ɗaurin zane.

Ta ce, "Waziri, maimaita mini al'adar nan taku."

Ya ce, "Duk sarkin da aka gani a kwance ya mutu."

Ta ce, "In ba a gani ba fa?"

Waziri ya sosa ƙeya ya ce, "To, in ba a gani ba, ba a gani ba."

Ta ce, "Shi ke nan. Kowa ya hau ganyensa ya kwanta. Sarki zai tsaya a nan sai kowa ya kwanta. Abin da zai yi bayan nan, tsakaninsa da Bado."

Ruwa ya kai ƙirji, ba wanda ya tsaya yin musu. Maza suka kwanta, mata suka kwanta da jarirai a ƙirji. Awaki suka kwanta. Jakin Galadima ya kwanta rigingine, ƙafafu huɗu a sama. Ciroma Jatau ya zaɓi ganyen da ke daf da na sarki ya kwanta yana zare ido. Inna Marka ta kwanta a ɗaya gefen. Da aka daina jin motsi, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai wannan yaro, ka san abin yi."

Sarki Barmo ya rarrafa ya hau. Ya sa gwiwa. Ya sa hannu. Ya sa gadon bayansa a kan ganye mai sanyi, mai laushi, ruwa yana lilo da shi a hankali. Ya ce, "Wash!" Ƙashin bayansa ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Kafin Kififfiya ta gama gutsure tsirkiya, an fara jin minshari.

Dangin Kififfiya suka ja. Gari guda yana tafiya a kan ruwa, kowa yana kallon sama.

Ciroma yana jin minsharin nan a kunnensa. Ya ce, "Wallahi a kwance yake." Waziri daga can ya ce, "Ka gani?" Ya ce, "Ina ji." Waziri ya ce, "Ai a tsaye ma yana minshari." Ciroma ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai gefen ganye. Ya dogara da gwiwar hannu, ganye ya lotsa, Bado ya ce, "Kul!" Ya koma. Ya sake ɗagowa, Bado ya ce, "Kul!" Ya koma. Minshari ya ƙaru. Haƙuri ya ƙare wa Ciroma. Ya yi wuf ya miƙe tsaye, har da ɗage a kan yatsu.

Ya kuwa gani. Ga sarki nan shame-shame, baki buɗe, rawani ya zama matashi.

Ya kwarma ihu, "Na gan shi! Na gan shi a kwan..." Ɓurum!

Amma kowa ya ji. Wata kififfiya ta cafko Ciroma ta wando tana jansa, yana shan ruwa yana furzarwa yana cewa, "Na gan shi! A haƙa! A haƙa!"

Tsoro ya kama Inna Marka. Ga tudu ya matso, tana jin ƙarar ciyawa. Ta yi magana ta bayan gefen ganye, ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Barmo. Barmo, tashi, an gan ka."

Ya ce, "Uhm."

Ta ce, "Za su binne ka."

Ya ce, "Inna, su ɗan jira in juya ɗaya gefen."

Tsohuwa ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Sai ta ƙwanƙwasa ganyenta ta ce, "Kififfiya, ƙawata, wanda ke jan na yaron nan ya juya da shi. Ya kai shi can tsakiyar bado inda ganye ya fi yawa."

Kififfiya ta ce, "Da ƙanzo?"

Ta ce, "Har da man shanu."

Aka isa tudu. Kowa ya rarrafo ya sauka ya miƙe. Ciroma ya rantse ya gani da idonsa. Waziri ya dubi Inna Marka yana jiran ta ƙaryata. Sai ta ce, "Tunda ya ce ya gani, ya gani. Ku naɗa shi."

Aka naɗa wa Ciroma Jatau wani jiƙaƙƙen rawani. Umarninsa na farko, a je a ɗauko gawa. Masu haƙa suka haƙa. Masu ɗauko gawa suka hau ganye suka kwanta, aka ja su tsakiyar bado. A kwance ba su ga komai ba sai sama. Wanda ya miƙe ya duba, ɓurum. Suka ce to a bi minshari. Ashe kwaɗi sun ji sautin ya yi musu daɗi, sun ɗauka. Minshari gabas, minshari yamma, minshari kudu, minshari arewa. Suka je suka dawo, suka je suka dawo, suka je suka dawo, kullum a jiƙe. Daga ƙarshe Waziri ya gyara murya ya ce, "Ai dama al'adarmu ke nan. Sarkin da ya mutu a kan ganye, ganye ne kabarinsa." Kowa ya ce haka ne, haka ne. Aka daka gumba aka sha.

Da rana ta faɗi, sabon sarki ya yi miƙa ya ce, "Yau na wahala. A yi mini shimfiɗa."

Sai ga Sarkin Igiya ya shigo da sallama, da sabuwar igiya a kafaɗa, dogarai biyu suna biye da shi ɗauke da ginshiƙi.

Ke Uwale, kina dariya ko? Shi bai yi ba. Kwana kaɗan ƙafafunsa suka fara hawa. Kullum da yamma sai a gan shi tsaye a bakin ruwa yana ƙwala kira, "Barmo! Ɗan'uwana! Ban ga komai ba! Ƙarya na yi! Dawo ka karɓi kayanka!" Fadawa su ce, "Ranka ya daɗe, ai an riga an sha gumba."

Ita kuwa Inna Marka, kullum sai ta tuƙa tuwo, ta kankare ƙanzo ta sa man shanu, ta hau ganye ta kwanta da akushi a kan cikinta, Kififfiya ta ja ta har gefen ɗanta. Ya ci, su yi hira suna kallon sama, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ƙafafunsa suka saɓe. Idanunsa suka washe.

Wata rana Bado ya ce mata, "Inna, ba ki baƙin ciki? Ɗanki ya rasa gari, ya rasa rawani, har sadakarsa an yi."

Tsohuwa ta saurari minsharin na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Bado, duk waɗanda na kwantar kafin shi, ba wanda ya tashi. Wannan kuwa kullum sai ya kwanta, kullum sai ya tashi ya ce mini, Inna, ina tuwo."

Shi ya sa in kun ji tafki ya ɗauki ƙara da damina, kada ku ce duk kwaɗi ne. Ku kasa kunne, akwai murya guda da ta fi sauran kauri. Kuma ku riƙe wannan: wanda ya baje nauyinsa, ko ganye ya ɗauke shi. Wanda ya yi ɗage don ya hango faɗuwar ɗan'uwansa, shi ne yake fara nutsewa.

Ƙurunƙus kan tarwaɗar aljihun sarki. Ba don Kififfiya ta ci ƙanzona ta rantse mini ba, da na ce ƙarya ce, kuma da ma ƙaryar na shirga muku. Ku tashi ku je ku kwanta, tunda ku ba a naɗa ku ba.